Zobo da kunun gida ko lemon kwalba: wanne ya fi sauƙi a aljihu?

Duk shekara in azumi ya ƙarato, ko in zafin Maris da Afrilu ya fara gasa mutane, sai maganar nan ta taso a gidaje, wai a daina sayen lemon kwalba a koma haɗa zobo da kunu a gida tunda ya fi araha nesa ba kusa ba. Yawanci maigida ne ke kawo shawarar, uwargida kuma ce zata tsaya gaban tukunya. Toh ni dai abinda na gani maganar gaskiya ce a wani wajen, a wani wajen kuma ganin ido ne kawai, ya danganta da abinda zaki haɗa, da yawan bakin da zasu sha, da kuma ko kina da inda zaki sanyaya shi ki ajiye. Wannan na ƙarshen shi yake kayar da lissafin mutane da yawa.

Tsadar lemo dai ba daga sama ta faɗo ba. A 2022 aka fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari, sai ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, kuɗin dakon kaya ya tashi, cikin Yunin wannan shekarar kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta yi sama. Abinda mutane basa lura dashi shine yawancin sukarin da muke sha ɗanyensa ake shigowa dashi, galibi daga Brazil, kamfanoni irin su Dangote da BUA su tace shi anan. Kenan dalar da ta tada kuɗin Coke da Fanta ita ce ta tada kuɗin sukarin da zaki zuba a zobonki, ba wai kin gudu kin tsira bane dan kin koma kicin, kin dai rage wasu kuɗaɗen ne, na roba da talla da dako da ribar ɗan sari da ta mai shago.

Bari mu yi lissafi da misali. Farashin da zan sa na misali ne kawai dan a ga yadda lissafin yake tafiya, ki goge ki sa na unguwarku na wannan satin, dan na Kano daban na Jos daban na Maraɗi kuma da sefa ake magana. Mu ce gida ne mai mutum 8, kowa zai sha robar lemo ɗaya mai rabin lita, lita 4 kenan. A ce roba naira 400, kin kashe 3,200 a rana, in azumi ne kwana 30 kin doshi 96,000 a kan lemo kaɗai, ba'a zo maganar ƙosai da dankali da ƙwai ba. Yanzu ɗauki zobo lita 4 ɗin nan dai: busasshen zobo kofi uku zuwa huɗu mu ce na 300, sukari na 600, citta da kanumfari da ɗan masoro na 200, gas ko gawayi 150, ruwa 50, ƙanƙara 300. Ya kama 1,600, rabi cif, rabin lita ta tsaya miki a 200. In firij ɗinki na aiki ki cire ƙanƙarar ya dawo 1,300.

Kalli lissafin nan da kyau zaki ga shi kansa zobon ba shi ne mai cin kuɗin ba. Sukari da ƙanƙara su biyun sun cinye 900 cikin 1,600, sama da rabi. Dan haka duk dabarar da zata rage miki sukari ita ce ainihin ribar, ba wai ki tsaya cinikin naira hamsin da mai zobo a kasuwa ba. Baƙin zobo, wanda jansa ya yi duhu sosai, ya fi bada kala kuma tsaminsa bai kai na ja mai haske ba, sai ya zama baya jan sukari da yawa. Wasu suna jefa 'yar kanwa kaɗan ko bekin soda a kan yatsa, nan take zaki ga ya yi 'yar kumfa kalar ta ƙara duhu tsamin ya kwanta, amma in hannunki ya zarce ya koma baƙi-baƙi da wani ɗanɗanon sabulu, babu mai sha. Ɓawon abarba da kike zubarwa ki wanke shi tas ki dafa tare, yana bada ƙamshin da zai sa ba sai kin sayi filebo ba. Masu sa mazarƙwaila kuma suna cewa sun guje wa sukari, toh ƙamshi dai ta fi shi amma ita ma sukarin rake ce, mai ciwon suga kar ya yaudari kansa da ita.

Wuta ma ana iya rage ta. Ba sai kin bar zobo yana ta tafarfasa rabin awa gas na tafiya ba, ki tafasa ruwan da kayan ƙamshin, ki kashe, ki zuba wankakken zobon ki rufe ki barshi ya jiƙu na wasu awanni ko ya kwana, zai saki jininsa sosai, kuma ki sake zuba masa ruwan zafi karo na biyu har yanzu da sauran kala a jikinsa. Abu ɗaya dai, kar ki barshi ya kwana a tukunyar alminiyon musamman irin ta ƙirar gida, zobo na da tsami kuma tsami na cin ƙarfen, ki juye a sitenles ko kwanon samira ko bokitin roba mai kyau in ya huce.

Amma fa ga inda gizo ke saƙar. Lemon kwalba a ƙirge yake, roba 12 ce a fak, kowa ya san in ya ɗauki ta biyu za'a gane. Zobo kuwa a bokiti yake ko a jug, babu mai ƙirga kofi, yaro ya sha ya fita wasa ya dawo ya ƙara, almajirin gida ya samu, maƙwabciya ta aiko da kofinta, ke kanki duk wucewa sai kin kurɓa. Gidan da lita 4 ta lemo ke isarsu sai ki ga lita 8 ta zobo ta ƙare kafin isha'i, kinga 1,600 sau biyu ya zama 3,200, kin dawo inda kika taso, sai dai an fi shan daɗi an kuma samu ladan kyauta. Ba laifi bane wlh, amma kar a kira shi tattali. In da gaske rage kashe kuɗi ake so sai an ɗura shi a gorori an ƙirga kamar yadda ake ƙirga lemo.

Kunun zaƙi lissafinsa daban ne, kuma a ganina ma zalunci ne a haɗa shi da lemon kwalba tunda shi abinci ne, yana zama a ciki. Yaron da ya sha kofi babba na kunun zaƙi da ƙosai biyar ya yi karin kumallo, wanda ya sha Fanta kuwa bayan rabin awa zai zo yana miki kukan yunwa. Inda ya kamata a auna shi shine da shayi da madara da Milo ko Bournvita na safe, a nan kam kunu ya yi musu fintinkau babu ko gardama. A misali dai, geron rabin kwano mu ce 1,000, markaɗe 300, busasshen dankalin Hausa da citta da kanumfari 400, sukari 400, wuta 300, ya kama 2,400 kuma zai iya baki wajen lita 8 in baki cika son mai kauri ba, rabin lita 150 kenan kafin a sa sanyi.

Kinga sukarinsa bai kai na zobo ba duk da ya ninka shi yawa, dalili kuwa yana samar da nasa zaƙin. In kin jiƙa geron ya kwana kin kai an markaɗo, sai ki raba ƙullun gida biyu, kaso mai yawan ki sheƙa masa tafasasshen ruwa ya dahu ya yi kauri kamar koko, ki barshi ya sha iska har ya zama ɗumi-ɗumi yadda zaki iya sa yatsa, sannan ki zuba ɗanyen kason da aka markaɗa da dankali ko tsiron dawa ko na shinkafa ki juya ki rufe. A gaban idonki zaki ga abinda ya yi kauri ya fara saki yana tsinkewa, ludayi ya fara tafiya babu nauyi, da safe ki buɗe ki ji ƙamshin nan mai ɗan tsami-tsami, ki tace. Abinda ya faru shine tsiron da dankalin suna ɗauke da wani sinadari mai farfasa sitacin hatsi ya maida shi sukari, shi yasa in kin zuba shi kunun na tururi sinadarin ya mutu, kunu ya tsaya miki da kauri babu zaƙi, sai ki koma cika shi da sukarin kanti, ribar ta tafi.

Wannan dabarar ta tsiro ita ce dai masu dafa burkutu a wajajen Jos da kudancin Kaduna da Zuru suke farawa da ita, da masu fito a arewacin Ghana, bambancin su suna dafa ruwan ya daɗe a wuta sannan su barshi ya ruɓa da gangan har sukarin ya juye ya zama abin maye. Na kawo wannan ne dan a gane cewa kunun zaƙi abu ne mai rai, baya tsayawa inda kika barshi. A lokacin zafi in babu sanyi wuni ɗaya ya ishe shi ya yi tsamin da yara zasu ƙi, in ya ƙara kwana ki ga gorar ta kumbura, kina murɗa murfin ta yi tsaki kumfa ta biyo. Akwai ma hadisin Ibn Abbas a Sahihu Muslim kan jiƙon zabibi da ake yi wa Annabi (SAW), yana sha har zuwa yammacin rana ta uku, abinda ya rage a bayar ko a zubar. Hukunci dai fagen malamai ne, amma a fagen aljihu duk kofin da kika zubar a kwata ki ƙara kuɗinsa a kan wanda aka sha. Lita 8 da aka sha 5 aka zubar da 3 ba 150 ta tsaya miki ba, 240 ce.

Sai markaɗe, wanda kuɗinsa ya bi fetur da dizal ya tashi, ga kuma halin wasu masu injin, ki aika yaro da gero mai kyau a dawo miki da ƙullu mai yajin attaruhu saboda wanda ya riga ki kayan miya ya kai kuma ba'a ɗauraye injin da kyau ba, ga ruwan da suke ƙarawa daga wani duro da babu wanda ya san yaushe aka wanke shi. Ki haɗa yaron da ruwanki a jarka, ki kuma ce ya tsaya a wanke a gabansa ko da za'a ƙara masa wani abu a kuɗin.

Kunun aya kam anan nake rabuwa da masu cewa komai na gida ya fi araha. Bai fi ba. Aya ba ta da arha ko da kuwa a Katsina ko yankin Maraɗi kike inda ake nomanta sosai, tunda har Sifen ake fitar da ita, su ma suna da nasu irin kunun ayar a Balensiya. Ga dabino, ga kwakwa, kuma bata da auki irin na gero, in kin cika mata ruwa ta zama farin ruwa kawai. A misalinmu aya ta 2,000, dabino 800, kwakwa 700, markaɗe 300, ƙanƙara 300, kin kashe 4,100 a kan kamar lita 4, rabin lita ta haura 500, ta fi lemon kwalbar tsada. Sannan duk cikinsu babu mai saurin lalacewa kamarsa, awanni kaɗan a zafi ya fara yauƙi da wari, in aka ɗauke wuta da dare firij ya huce toh da safe sai dai haƙuri. Masu cewa zasu niƙa a blanda dan gudun kuɗin markaɗe su tabbata ayar ta jiƙu kwana ɗaya ko biyu ana canza ruwa, dan busasshiyar aya ta kashe blanda ba adadi, kuɗin sabuwa kuma ya fi markaɗen wata da watanni. Ki yi kunun aya dan kina sonsa, dan ya fi lemo amfani a jiki, dan maigida na so, duk hujjoji ne masu kyau, in kuma za'a auna shi a auna da yogot ko Maltina, amma ba dan a rage kashe kuɗi ba.

Jinja da lamurje da lemon tsamiya suna tsakiya. Tsamiya na da sauƙin kuɗi sai dai tana shan sukari fiye da zobo ma. Citta kuwa tun da wata cuta ta afka wa gonakinta a kudancin Kaduna a daminar 2023, wajajen Kachia da Jaba da Kagarko inda mafi yawan cittar ƙasar nan take fitowa, farashinta ya yi tashin da har masu shayi suka koka, dan haka ki duba kuɗinta a ranar kafin ki ɗora tukunya.

Akwai zaɓi na uku da ba'a cika sawa a lissafi ba, sayen na maƙwabciya mai sana'ar zobo da kunu a gora ko a ƙulle a leda. Abin mamaki sau da yawa nata ya fi naki araha, ki yi ta tunanin ya akayi take sayarwa a haka har ta ci riba. Amsar ba boyayya bace, ita a buhu ko a kwano take sayen zobo da kaka, sukari a sari, wuta ɗaya ta dafa na mutum ɗari, firizarta ɗaya ta sanyaya duka, wasu kuma suna rage sukarin su cike da sakarin ko garin lemo irin su Tiara da Jolly Jus, shi yasa zaki ji zaƙin ya tsaya miki a maƙogwaro da ɗan ɗaci a ƙarshe. In ku biyu ne ko uku a gida, amarya da ango misali, ko ɗalibi ko gwauro a ɗaki ɗaya, gsky sayen nata ya fi, dan ba zaka haɗa zobon kofi biyu ka ce ka ci riba ba, wutar da zaka kunna da ƙanƙarar da zaka saya kusan ɗaya ne da na mai lita 4. Sharaɗin kawai ka san gidan. Ka san da wane ruwa take tsinka shi bayan ta tace, dan yawanci ba a dahuwa matsalar take ba, a ruwan sanyin da ake ƙarawa daga baya ne, ka kuma san daga ina gorarta take, tunda kowa na ganin yaran da suke tsintar robobi a wajen biki da tasha da kan bola suna kaiwa ana saye. Taifot ɗaya ko amai da gudawa ɗaya ya isa ya cinye duk abinda aka tara na shekara a kuɗin asibiti da ƙarin ruwa. A nan lemon kamfani ya fi kowa, a rufe yake da lambar NAFDAC, wannan kam a bashi haƙƙinsa.

Garin lemo na sacet shi ne mafi arha duka in kuɗi kawai ake dubawa, ƙulli ɗaya ya yi lita ɗaya ko biyu, babu wuta babu tata. Kala ce da ƙamshi da abin zaƙi, ba zan ce miki yana ƙara wa yaro komai ba, amma ranar da aljihu ya yi ƙasa yana fitar da mutum kunya.

Mu dawo kan sanyi dan shi ne alƙalin maganar. Lemon kwalba zai yi watanni a ƙarƙashin gado babu abinda ya same shi, kuma in kin saya ɗai-ɗai a shago mai shagon ne ya biya kuɗin sanyin, yana cikin 400 ɗin. Na gida kuwa ke zaki biya. Wanda yake layin wutar lantarki da ake kira Band A, wato layin da aka ware wa mafi yawan awannin wuta, ya san abinda ya faru a Afrilun 2024 da aka kai yunit ɗaya naira 225, firiza ta zama abar lissafi, wanda baya wannan layin kuma wutar ce ma ba kullum ba, sai janareto ko ƙanƙara, ita kuma ƙanƙara a azumi kowa ya san halinta, farashin safe daban na bayan la'asar daban, ga layi, wani lokacin ma ka je ka tarar ta ƙare. Mai sola da firiza mai kyau shi ne ya fi kowa cin ribar haɗin gida, zai iya dafa zobo mai kauri na sati guda ba tare da sukari ba ya daskarar, kullum a ɗebo a tsinka a sa sukari, tunda sukarin ne da kayan itatuwa ke sa shi saurin juyawa. Wanda bashi da wannan sai dai ya riƙa yin na wuni ɗaya kullum, wahalar ta ninku. In ƙanƙara zaki saya gara ki jera gororin a kula ki fasa ta a kansu maimakon ki jefa ta cikin abin shan, na ɗaya baki san ruwan da akayi ta dashi ba, na biyu tana narkewa tana salance miki zobon. Kuma kar a raina randa ko tulu, in an jera gorori a cikin ruwanta tun safe a inuwa sanyin da take bayarwa ya wadatar ga wanda ba sai haƙori ya ƙage yake jin ya sha abu ba. Da hunturu ma maganar bata tasowa, zobo da zafinsa kamar shayi ake sha, yadda mutanen Sudan suke yi da nasu karkade.

Maganar lafiya ina ganin ana zuzuta ta fiye da kima. Yawancin lemo mai sukari na ɗauke da kusan giram 10 a kowace mililita 100, wato robar rabin lita ta kai wajen giram 50, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarar da ta fitar a 2015 kusan wannan giram 50 ɗin shi ne iyakar babban mutum na yini guda gaba ɗaya, ta ce in ma an tsaya a 25 ya fi. Toh amma zobon da aka juye wa sukari har cokali na tsayawa bai fi shi da komai ba ta wannan fuskar. Fifikon na gida shine hannunki ne a kan sukarin, zaki iya ragewa kaɗan-kaɗan duk sati har bakin yara ya saba basu sani ba. Zobo kuma bincike ya nuna yana ɗan sauke hawan jini, dan haka wanda yake kan magani ko mai yawan jiri ya faɗa wa likitansa yana sha kullum, mai ciki ma ta tambaya a wajen awo kafin ta maida shi ruwan sha.

Sai kuɗin da ba'a rubutawa, wato lokacin wacce zata yi. Alhaji in kana karanta wannan, wankin zobo sau biyu sau uku dan fitar da ƙasa, tata, wankin gorori da ruwan zafi, ɗurawa, goge kicin ɗin da ya koma ja, kunun zaƙi kuma tun jiya ake fara shi, duk wannan ba kyauta bane. In matar gidan tana ɗinki ko kitso ko tana zuwa aiki, awa biyun nan kuɗi ne take bari, a azumi kuma lokaci ne da ake cire shi daga hutu ko karatun Alƙur'ani. In akwai 'yan mata a gida da zasu karɓa aikin ya zo da sauƙi har ma sun koyi sana'a, in babu toh a sa wannan a sikeli, ko a ƙalla rabin abinda aka rage ya shiga hannunta.

Gida mai mutum shida zuwa sama da yake da hanyar sanyi, zobo da kunun zaƙi na gida sun fi, babu tantama, kuma iya yawan mutanen iya ƙaruwar ribar. Duk da haka ni ina ganin a ajiye fak ɗaya na lemo a ɗaki dan baƙon da ya zo babu sanarwa, musamman surukai ko abokan maigida, dan har yanzu akwai mutanen da in ka miƙa musu zobo a kofi sai su ga kamar ba'a girmama su ba, ko da kuwa zobon ya fi lemon komai. A taron suna ko walima kuwa a nan ne bambancin yake fitowa ƙarara, mutum 200 kowa roba ɗaya a farashin misalinmu 80,000 ne, zobo kuma ko da an sayi sababbin gorori an manna musu takarda da sunan jariri da wuya ya kai haka, kuma yanzu ma ya zama ado ba alamar rashi ba. Kar dai a sa kunun aya a taron da zai wuce awa uku sai in akwai kuloli da ƙanƙara isassu.

In kin yanke zaki koma na gida toh lokacin saye ya fi komai. Zobo daga ƙarshen damina zuwa farkon hunturu ake cire shi, a lokacin ne yake da sauƙi a kasuwannin Jigawa irin su Maigatari da kuma Dawanau a Kano, daga baya 'yan kasuwa masu fitar da shi waje, musamman Meziko da suke shansa sosai, su kwashe, azumi na zuwa ya ƙara hawa. Gero ma da kaka ake saye, ba tsakiyar damina ba. Ki damƙi zobon a hannu, in ya bushe da kyau zaki ji yana ƙaras-ƙaras yana karyewa, in kuwa yana lanƙwasa da laushi akwai danshi a jikinsa ko an yayyafa masa ruwa dan ya yi nauyi, wannan wata ɗaya zai yi fumfuna. Ki zazzaga ƙasan kwanon ki ga yawan ƙasa da karan da aka haɗa miki, sannan a gida ki ƙara shanya shi yini guda ki ɗaure a buhu ki ɗora a kan katako nesa da bango, zai kai ki har wata kakar.